Wasiƙa Zuwa Ga Masu Haɗa Sabobi a Yankin Funtuwa da Malumfashi

'Yan'uwa abokan sana'a,

Asibitoci da makarantu da bankunan ƙananan 'yan kasuwa na yankinmu sun fara ajiye bayanansu a sabobi biyu ko uku, don in ɗaya ta mutu sauran su ɗauki aiki. Madalla. Sai dai haɗa sabobin da kebul biyu ba ya nufin hanya biyu, matuƙar dukkansu sun rataya a wuri guda.

Mun ga misali a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtuwa da Malumfashi, saboda matsalar tsaro. Mai layin MTN da Airtel a aljihu ɗaya bai tsira ba. Haka ranar 14 ga Maris, 2024, da kebulan ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne suka lalace tare a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka shiga ruɗani.

Don haka ku raba komai. Kowace saba ta sami katin sadarwa biyu, kowane kati ya tafi suwic dabam. Suwic ɗaya ya sha wutar KEDCO da janareta, ɗayan ya dogara da sola da batir. Kada kebulan su bi bututu ɗaya, domin ɓera ko tsawar damina ba sa zaɓe.

Saƙon da sabobi ke aika wa juna na "ina nan da rai" ku ba shi layinsa, kada ya yi cunkoso da kwafin bayanai. Corosync 3, wanda Proxmox ke amfani da shi wajen aika wannan saƙo, yana karɓar layi har takwas. Ku saka aƙalla biyu.

In layukan saƙon duka suka yanke, kowace saba za ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu, ta shiga rubuta bayanai ita kaɗai, su lalace. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ku kafa sabobi uku don a sami rinjayen ƙuri'a, ko biyu da ƙaramar na'ura mai raba gardama, kuma ku saita tsarin ya kashe wadda ta ware.

Kafin ku miƙa aiki, ku zare kebul ɗaya a gaban mai wurin, ku kashe suwic ɗaya, ku duba ko aiki ya ci gaba, ko ƙararrawa ta sanar. Ku maimaita gwajin kafin kowace damina.

Allah ya yi wa sana'armu albarka.

Ɗan'uwanku,
daga Maska