Bayani A Kan Ambaliyar Kogin Haɗejiya, Da Wanda Ramuwa Ta Hau Kansa

Ya malamai da almajirai na ƙasar Haɗejiya, tun daga Auyo da Kafin Hausa har Guri da Kirikasamma.

Ku sani, akwai wata mas'ala wadda a ke yanke ta a zaurukanmu da magana guda. In ruwa ya ci gona sai a ce haka Allah ya so, a watse. Wannan gaskiya ne, babu mai musu. Amma ɗalibin da ya karanta Risala ya san hukuncin dabbobin da suka shiga shuka da dare, watau ramuwa tana kan mai dabbobin, alƙali kuwa ba ya korar mai gona da cewa ƙaddara ce. Abin da na ke gani shi ne, ambaliyar da ta ke cinmu tana da masu garke. Wajibi ne mu san su, mu san rabon kowa.

Na farkonsu masu hayaƙi ne. Tun da Turawa suka fara ƙona kwal a masana'antu, sa'an nan man fetur da gas, wata iska ta ke tashi daga wutar, ana ce da ita kabon. Ba ta ɓacewa da wuri, taruwa ta ke a sama, ta hana zafi fita kamar yadda murfi ke yi wa tukunya. Masana sha'anin sama sun auna, sun ce in zafin iska ya ƙaru da awo guda, ruwan da za ta iya ɗauka ya kan ƙaru da wajen kashi 7 cikin 100. Saboda haka ruwan da dā a ke yi sannu sannu, yanzu ya kan zubo gaba ɗaya, ƙasa ba ta sha ba, kogi bai ɗauke ba. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta fid da fiye da miliyan 1 daga gidajensu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Masana suka bincika damunar shekaran nan a yankin Tafkin Chadi, suka ce ɗumamar duniya ta sauƙaƙa aukuwar irinta wajen ninki 80.

To, wa ya tara hayaƙin? Cikin dukan abin da aka tara tun farko, Amurka ita kaɗai tana da fiye da kashi 20 cikin 100. Afirka duk da yawanta wajen kashi 3 ta ke da shi. A yau Sin ce ta fi kowa fitarwa a shekara, rabon Nijeriya kuwa bai kai kashi 1 ba. In aka raba bisa kan mutane, Ba'amurke guda ya fi ɗan Nijeriya 20 hayaƙi. Masuncin Guri da ke tuƙa kwalekwale da gora, me ya ƙona har ruwa ya rushe masa ɗaki?

In wani ya ce hayaƙi ya gauraye a sama, ba a san na wanda ya jawo ruwan ba, jawabi shi ne: garke goma in suka kwana a gona guda, ba a sallamar masu su don an kasa gane sawun kowace saniya. Ƙidayar kowace ƙasa tana rubuce. Su ma sun yarda da bakinsu. A 2009 a Kofanhegan manyan ƙasashe suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020, ba su cika ba sai 2022, kuma mafi yawan abin da gwamnatocinsu suka bayar rance ne. A 2022 a Masar aka yarda a kafa asusun biyan hasara, a 2023 a Dubai alkawarin da aka zuba cikinsa wajen dala miliyan 700 ne. A 2025 Kotun Duniya da ke Heg ta ba da fatawa cewa ƙasar da ta saɓa wajibinta cikin wannan sha'ani, ana iya binta diyya. Ya malamai, wanda shanunsa suka cinye maka gero ya ba ka rancen iri da ruwa a kai, a wane babi a ke kiran wannan ramuwa?

Na biyunsu suna kusa da mu. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukansu a ƙasar Kano, a kan rassan da ke haɗuwa su zama koginmu. Ban musa amfaninsu ba, birnin Kano yana sha, gonakin Kura da Kadawa suna noman rani. Amma dā kogin ya kan cika da damuna, ya malale fadama, ya bar shinkafa da kifi da ciyawar shanu, da rani ya janye. Da aka sa ruwa yana gudu rani da damuna, sai kacala ta sami wurin zama, ta toshe magudanai. Wani reshe ya bushe, wani ya tumbatsa, garin da ke neman ruwa ya rasa, wanda ke gudunsa ya nutse. Malamanmu na Malikiyya sun san hukuncin ruwan da ke gangarowa: na sama ya shayar da gonarsa gwargwado, sa'an nan ya sake wa na ƙasa. Ba shi da ikon riƙe shi duka, ba shi da ikon ya sako shi ba sanarwa.

Na ukunsu mu ne. Ƙasarmu tana sayar da mai, tana cikin waɗanda suka fi ƙona gas a banza a bakin rijiyoyi. Mu kuma muna sare itace don gawayi, muna gini a kan hanyar ruwa, wani ya datse magudana don tattasansa. Mu tuna kuma muna sama da Nguru da Gashuwa kamar yadda Kano ta ke sama da mu. Wanda ya hana na ƙasa da shi hakkinsa, da wane baki zai nemi nasa wurin na sama?

Saboda haka ina kira ga abu uku. Shugabanninmu su nemi kuɗin nan da sunan ramuwa, su ƙi karɓarsa da sunan rance, in ya zo kuma a karanta lissafinsa a bainar jama'a, a ga abin da ya iso Auyo. Hukumar Kogin Haɗejiya da Jama'are ta riƙa shelar sakin ruwa da Hausa tun da sauran kwanaki, ta rediyo da ta bakin hakimai da dagatai, a kuma dage da share kacala.

Na uku naku ne, ya almajirai. Mai ƙara shi a ke nema da shaida, talakan fadama kuwa ba shi da takarda. Kuna da tawada da alƙalami. Kowane gari a ajiye littafi, a rubuta shekara da wata, da inda ruwa ya kai, da gonakin da ya ci, da buhunan da aka rasa, da ɗakunan da suka faɗi, shaidu biyu su sa hannu. Kada a ƙara, kada a rage, domin ƙarya guda tana ɓata shaida ɗari. Ranar da za a zauna rabon diyya, garin da ya zo da littafi ba za a ce masa ba a san hasararsa ba.

Allah ya ba mu damuna mai albarka, ya kiyaye mu da cin hakkin juna. Haza wassalamu.