Mahaukacin Littafi da Marar Lafiyan Gida



Akwai wani bawan Allah da littattafan Hausa da finafinanmu ke sa wa aiki ba dare ba rana, amma ba a cika tambayarsa ko sunansa ba. Shi ne mahaukaci. Kun san inda ake buƙatarsa. Muguwar kishiya ta gama bin bokaye, asirinta ya koma kanta, a babin ƙarshe sai ga ta a kan bola tana tsince-tsince, yara na bin ta da jifa, mai karatu ya ce alhamdulillahi ta ga sakayya. Ko kuma jarumar ce aka yi wa sammu, ta yi shafi arba'in tana sambatu, malam ya zo ya yi ruƙiyya dare ɗaya, aljani ya yi atishawa ya fita, sati na zagayowa aka ɗaura aure. Idan labari ya yi nauyi ana neman abin dariya, sai a jawo na bakin kasuwa mai tsumma ya zo ya yi shirmensa ya wuce.

Ra'ayina shi ne wannan salon rubutu yana da hannu a cikin halin da masu lalurar ƙwaƙwalwa ke ciki a garuruwanmu. Ku ɗauki Balan ta ƙasar Gaya, ko Toranke da Gurduba ta Ajingi. Yarinyar da ke karanta littafinka a waya a can, ko uwar da ke sauraronsa ana karantawa tana tankaɗe, da wuya idan ta taɓa zama gaban likitan ƙwaƙwalwa. Likitocin wannan fanni a Najeriya kaf ba su kai 300 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane. Abin da ta sani game da taɓin hankali daga bakin mutanen gari ta ji shi, sai kuma daga alƙalaminka. In ka koya mata cewa hauka sakayyar mugunta ce, ranar da ƙaninta ya fara magana shi kaɗai abin da zai fara zo mata a rai shi ne me za a ce gidansu sun aikata. Daga nan sai ɓoyo.

A 2004 wasu likitoci, cikinsu har da Zubairu Iliyasu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sun wallafa wani bincike da suka yi a Karfi ta ƙaramar hukumar Kura. Mutum 250 suka tambaya. Da aka ce su faɗi alamomin taɓin hankali, abin da ya fi fitowa daga bakinsu shi ne duka da ɓarna, sai yawan surutu, sai baƙuwar ɗabi'a, sai yawon gari. Ku duba da kyau, wannan shi ne mahaukacin littafi sak. Game da sababi, kusan kashi 34 cikin ɗari na amsoshin sun ɗora wa shaye-shaye, kusan 19 suka ce fushin Ubangiji ne ko ƙaddara, 18 suka ce sihiri ko aljanu. Kusan rabin mutanen ba su da kyakkyawan kallo ga mai lalurar. Amma abin da ya fi shafarmu a nan shi ne, waɗanda suka iya karatu sun ninka waɗanda ba su iya ba sau bakwai wajen nuna tausayi gare shi. Wato masu karatu su ne ƙofar da sauyi zai shigo ta cikinta, kuma mu ne ke ba su abin karantawa. Binciken ya kwana biyu, Karfi kuma ba Balan ba ce, amma duk wanda ya zauna a majalisar ƙauye ya san hirar ba ta sauya sosai ba.

Marar lafiyan gida bai yi kama da wancan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansu ciwon damuwa ne da ciwon fargaba. Waɗannan ba sa jifa, ba sa yaga riga. Magidanci ne da ya daina zuwa majalisa, barci ya ƙaurace masa, gonar da yake alfahari da ita ta cika da ciyawa yana kallo, aka ce lalaci ya same shi. Amarya ce da ta daina kitso da kwalliya, abinci sai an yi da gaske, tana kuka ba ta san dalili ba, uwar miji ta ce baƙin hali ne. Akwai wanda zai yi sati biyu ba ya barci, bakinsa ba ya shiru, ya rabar da jarinsa, ya ɗauko manyan shirye-shiryen da ba su da kai, daga baya ya faɗa cikin baƙin ciki na watanni, sannan ya dawo garau ya yi shekara yana sana'arsa. Akwai lalurar jin muryoyi da zargin ana bin mutum da sharri, wadda ke kama kusan mutum ɗaya cikin 300, kuma ta fi farawa daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, daidai lokacin da ake sa ran yaro zai fara tallafar gida.

Sai mai jego, wadda labarinta ya fi ci mini rai. Cikin haihuwa dubu, ana samun ɗaya ko biyu da kan uwar ke juyewa, yawanci cikin sati biyun farko. Ta kasa barci, ta rikice, ta ƙi jaririn ko ta riƙa jin tsoron za a sace shi. Ana tsakiyar wankan jego da kunun kanwa, gida cike da 'yan barka, sai a ce ai jinin haihuwa ne ya jawo mata iska. A likitance wannan lalura ce ta gaggawa, domin ran uwa da na jariri na cikin haɗari, kuma tana daga cikin waɗanda ake warkewa sosai idan an kai asibiti da wuri. Littattafai nawa kuka karanta da aka haihu a ciki? Cikinsu nawa ne suka nuna wannan?

To, a ce gidan sun yanke shawarar neman asibiti. Nan labarin yake, kuma nan ne ake tsallakewa da jimla ɗaya, wai "aka kai shi asibiti." Daga Balan sai an nemi mai babur ya fito da su Gaya. Marar lafiyan da ke tsoron mutane ba ya tafiya da mutum ɗaya, sai biyu, kuɗin mota ya zama na mutum uku. Direba ya kalle shi ya ce motarsa ta cika. A bi ta Wudil, a haye gada, a shiga Kano ta Mariri bayan tafiyar sama da kilomita 60, sannan a ratsa birnin gaba ɗaya zuwa hanyar Katsina, domin asibitin ƙwaƙwalwa yana Dawanau. Manomin Ajingi ya san Dawanau a matsayin kasuwar da riɗinsa ke ƙarewa, ya kuma san ta a matsayin zagi, don idan aka ce wa mutum "kai sai Dawanau" an gama da shi. Da wannan nauyin yake shiga ƙofar asibitin, yana addu'a kada ya haɗu da ɗan garinsu.

Kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, sai dangi su ce ba ya aiki. Wasu tsofaffin magungunan, waɗanda su ne masu araha, suna sa jiki ya sandare, hannu ya riƙa rawa, yawu ya riƙa zuba, ga barci. Uwa ta ga ɗanta haka ta ce ai gara jiya da yau, ta ɓoye ƙwayoyin, alhali likita na iya rage su ko ya sauya idan an koma an faɗa masa. Idan kuma sauƙi ya samu, sai a ce ya warke, a daina saye, musamman da damina lokacin da kuɗin taki da na magani ke kokawa a aljihu ɗaya. Wata uku ciwo ya dawo, maƙwabta su ce da ma mun faɗa, wannan ba na asibiti ba ne. An sayar da akuya, an sayar da buhun gero. Ƙanwarsa da aka sa wa rana, dangin saurayin sun fara jan ƙafa, wai abin yana bin jini. Marubucin da ke kukan ya rasa abin rubutawa sai soyayyar ɗan mai kuɗi, ga littafi guda nan a zube.

Wanda bai fahimci wannan gajiyar ba ba zai fahimci mari da turu ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da sama da mutum 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. A watan da ya biyo baya aka buɗe irinsa a Daura, aka kuma rufe wasu a Kano. Kowa ya yi Allah wadai, kuma ya cancanta. Sai dai mafi yawan waɗanda ke ciki iyayensu da danginsu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Uban da ya ɗaure ɗansa a ɗakin zaure sau da yawa mutum ne da ya yi shekara biyu ba ya barci, yana tsoron yaron ya faɗa rijiya ko ya ji wa wani ciwo a kai shi gaban hukuma. Abin da ya yi zalunci ne ga yaron, kuma sarƙa ba ta taɓa warkar da kowa ba. Amma idan ka zana shi a matsayin azzalumi kawai, duk uban da ke cikin wannan hali zai rufe littafinka. Ka zana shi da tsoronsa da kunyarsa, ka nuna masa wata hanyar a cikin labarin, wataƙila ya karanta har ƙarshe. Doka ma ta motsa, ko da a takarda ne. Tun 1958 ƙasar nan ke aiki da dokar mahaukata da ta gada daga Turawa, sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi haƙƙin marar lafiya, ta hana wulaƙanta shi da nuna masa wariya. Mutum nawa ne a Balan suka ji labarinta?

Na san abin da wasu za su ce: kana nufin mu ƙaryata aljanu da sihiri? Ban ce ba. Abin da nake cewa shi ne marubuci ya daina mayar da su amsar kowace tambaya don ya huta da bincike. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, gida ɗaya suna iya zama. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sananniyar sila, kamar rashi ko asara, da wanda ke saukar wa mutum haka kawai, ya kuma danganta na biyun da jiki. A ƙasar nan ma, a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda marar lafiya ke sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da ɗan uwansa, ya riƙa zuwa karɓar magani, kuma Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, ya yi aiki da su. Malamin da zai yi wa yarinya ruƙiyya sannan ya ce wa mahaifinta, Alhaji, gobe ku kai ta asibiti, akwai irinsa a garuruwanmu. A littafi ne ban cika ganinsa ba.

Maganar shaye-shaye kuma a yi hattara da ita. Gaskiya ne wiwi da ƙwayoyi suna taɓa ƙwaƙwalwa, kuma Kano ta ɗanɗana kuɗarta, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Amma ba kowane saurayi da ya rikice ne mashayi ba, wani ma ciwon ne ya riga, ya faɗa shan ƙwaya yana neman barci. Da zarar an ce ɗan ƙwaya ne, tausayi ya ƙare, an ce shi ya jawo wa kansa.

Ga mai son gwadawa, aikin ba a kan waya yake ba. Ka je babban asibitin Gaya ko asibitin sha-ka-tafi na kusa da kai, ka gaida ma'aikacin lafiya, ka tambaye shi irin waɗanda ake kawo masa da yadda yake yi da su, ba tare da neman sunan kowa ba. Ki zauna da matar da ta yi shekara biyar tana jinyar miji, idan ta yarda, ki tambaye ta wa ke ba shi magani, ina take ɓoye wuƙaƙen girki, me take ce wa yara idan an tsokane su a makaranta. Ki sauya suna da gari da duk abin da zai sa a gane ta, domin sirrin da ta ba ki amana ne. Marar lafiyan kuma a ba shi suna da sana'a, a bar shi ya yi magana da bakinsa a ranakun da yake garau, ya yi ciniki, ya yi barkwanci, ya ji haushin yadda ake yin shiru idan ya shigo ɗaki. Kalmar mahaukaci a bar ta a bakin jaruman da za su faɗe ta, mai ba da labari ya kira shi da sunansa.

Akwai wani babi da har yanzu nake jiran wani a cikinku ya rubuta. Budurwa ce da ke shan magani shekara uku, lafiyarta ƙalau, tana koyarwa a Islamiyya. An kawo kuɗin gaisuwa. Daren nan uwarta da gwaggonta suna ɗaki suna gardama ƙasa-ƙasa a kan ko a faɗa wa dangin mijin, ita kuma tana tsakar gida tana wanke-wanke, tana jin duk abin da suke cewa.