Direbobi Bakwai da Aka Sallama daga Linux

Da zubi na 6.3 na ƙwayar Linux ya fito a watan Afrilu na 2023, direbobin allo guda bakwai ba sa cikinsa: i810, mga, r128, savage, sis, tdfx da via. Direba a nan shi ne guntun manhajar da ke yin tafinta tsakanin ƙwayar tsarin kwamfuta da katin da ke zana hoto a allo. Katunan da waɗannan bakwai ke yi wa aiki kuwa yawancinsu ƴaƴan ƙarshen shekarun 1990 ne, irin su Rage 128 na ATI, da 810 na Intel, da Voodoo na kamfanin 3dfx, wanda Nvidia ta saye kadarorinsa tun a ƙarshen shekarar 2000.

Wasu sun ɗauki matakin a matsayin butulci. Hujjarsu ita ce Linux ta yi suna wajen raya tsohuwar na'ura, kuma rubutun da ke zaune shiru ba ya cin abincin kowa. Rabin farko na maganar gaskiya ne. Rabi na biyu kuwa kuskure ne, domin a cikin ƙwayar Linux babu rubutun da ke zama kyauta. Ƙa'idar gidan ita ce, duk wanda ya sauya wata hanyar sadarwa ta cikin ƙwayar, shi zai bi duk direbobin da ke amfani da ita ya gyara su. Injiniyan da ke aiki a 2022 sai ya tsinci kansa yana gyara direban katin da bai taɓa gani da idonsa ba, ba shi kuma da inda zai gwada ko gyaran ya yi. Ɗinki ne a cikin duhu, kuma an yi shekaru ana yin sa.

Akwai kuma batun tsaro. An gina direbobin nan ne bisa tsohon tsari, inda manhajar X, wadda ke wajen ƙwayar, take karɓar cikakken iko ta taɓa katin kai tsaye. Tun a 2009 aka mayar da saita allo cikin ƙwayar kanta, a tsarin da ake kira KMS, amma waɗannan bakwai ba su bi ayarin ba. Mesa, manhajar da ke ba su damar zana hoto mai siffa uku, ta ajiye su tun zubinta na 8.0 a 2012. A 2016 aka yi musu tambarin tsofaffin kaya. Shekara kusan bakwai ke nan ana cigiya kafin a cire su, kuma ba a sami wanda ya ɗauki nauyin mayar da su sabon tsari ba. Sauran ginshiƙan tsohon tsarin sun bi bayansu a zubi na 6.8, a 2024.

Tsufa kaɗai ba shi ne laifinsu ba, kuma akwai misalin da ke nuna haka. Katin G200 na Matrox ɗan 1998 ne, tsaran waɗanda aka sallama, amma direbansa na sabon tsari, mgag200, yana nan da ransa, saboda an ci gaba da dasa irin wannan katin a manyan kwamfutocin sabar, kuma akwai masu biyan albashi don a kula da shi.

Labarin fbdev ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan ne masu son share fage suka so yin gaggawa. Shi fbdev tsohon tsari ne na zuba hoto a allo, wanda tun 2015 aka nemi a daina kawo masa sababbin direbobi. A 2020, bayan da gwaje-gwajen neman ɓaraka suka yi ta tono kurakurai a cikinsa, Linus Torvalds da kansa ya cire rubutun da ke ba mutum damar komawa baya ya karanta abin da ya wuce a baƙin allon umarni. An kuma kashe hanyar da katin ke hanzarta gungura rubutu. A sabuwar kwamfuta ba wanda ya lura. A tsofaffin injuna masu rauni kuwa, rubutu ya koma tafiyar hawainiya. A Janairun 2022 Helge Deller, mai kula da ɓangaren injunan PA-RISC na HP, ya karɓi riƙon fbdev, ya nemi a dawo da hanzarin. An yi zazzafar muhawara, daga ƙarshe aka dawo da shi a matsayin zaɓi ga mai bukata. Deller ya yi daidai, kuma waɗanda suka cire bakwai ɗin ma sun yi daidai. Bambancin kawai shi ne fbdev ya sami mutum mai injin gwaji a gabansa, wanda ya ce shi zai amsa idan abu ya lalace.

Saura tambayar da ta fi shafar makarantu da shagunan buga takardu a Yamai, Kumasi ko Garwa, inda kwamfuta ƴar gwanjo ce abin dogaro. Shin wannan sharar ta taɓa su? Da wuya. Na'urorin da ke isowa kasuwannin yankin a yau sun girmi sababbi da wasu shekaru, kuma yawancinsu katin Intel ko AMD ne a ciki, masu direbobi a sabon tsari. Ko da direba na musamman ya ɓace, simpledrm, wanda Thomas Zimmermann na SUSE ya shigar a zubi na 5.14 a 2021, yana iya nuna hoto da abin da na'urar ta riga ta saita tun wajen kunnawa. Wanda kuma ya nace wa katinsa na 1999, zubi na 6.1 yana ɗauke da bakwai ɗin duka, yana cikin waɗanda ake daɗe ana kula da su, kuma a kansa Debian 12 take.

Abin da ya cancanci damuwa yana gaba. A 2022 Mesa ta kwashe wani rukunin direbobi na katunan shekarun 2000 zuwa wani reshe na gefe mai suna Amber, kuma Debian 13, da ta fito a 2025, ta daina ba da ƙwaya da manhajar girkawa ga injunan x86 masu bit 32. Iyakar tana matsowa kusa da na'urorin da ake amfani da su da gaske a yankin. Hukuncin cirewa kuma ana yanke shi ne bisa shiru: a yi shela, a jira, in ba wanda ya amsa a share. Ɗakin kwamfuta na wata jami'a mai injuna talatin iri ɗaya zai iya gwada kowane zubi kafin fitowarsa, wanda ke zuwa kusan kowane mako tara ko goma, ya aika rahoton abin da ya lalace da lambar katin. Aikin yini guda ne ga ɗalibai biyu, kuma irin wannan rahoton ne masu kula da direbobi ke dubawa kafin su rubuta cewa katin ba shi da sauran mai amfani da shi.