Kafin a goge TPM, a tambayi mai kwamfuta ina lambobinsa 48

Duk wanda ya saba zama a shagunan gyaran kwamfuta na Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san wannan shuɗiyar fuskar. Mutum ya kunna kwamfutarsa, maimakon Windows ta buɗe sai ta cije, ta rubuto masa da Faransanci cewa ya shigar da clé de récupération, wato lambobi 48 da aka jera shida-shida har gida takwas. Galibi bai taɓa jin labarinsu ba. Sai ya saɓa ta zuwa wurin mai gyara, amsar da ya fi samu kuwa ita ce pus ɗin tsaro ya lalace, dole a goge shi a sake zuba Windows. A ganina wannan amsa sau da yawa kuskure ce, kuma irin kuskuren da ba a iya komawa baya a gyara. Takardun da ke ciki, ko na ɗalibin da ke rubutun kammala jami'a ne ko lissafin ɗan kasuwa na shekaru, sun tafi ke nan.

Abin da ake magana a kai sunansa TPM. Ƴar ƙwaya ce da ba ta kai girman farce ba, a manne jikin babban allon cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira carte mère. A kwamfutoci da yawa na yanzu ma ba ƙwaya ce daban ba, an gina ta ne cikin ƙwaƙwalwar na'urar: kamfanin Intel na kiran tasa PTT, AMD kuma fTPM. Aikinta ajiyar makulli. Windows na da wani tsari mai suna BitLocker da ke cuɗe duk abin da ke kan diski yadda ba mai iya karantawa, sannan ya damƙa wa TPM makullin. Duk lokacin da aka kunna kwamfutar, TPM na duba yadda ta tashi, wane BIOS ne, waɗanne saituna, daga ina aka ɗora Windows. In komai na nan yadda ta san shi, sai ta saki makullin shiru, mai kwamfuta bai ma san an yi ba. In ta ga wani abu ya sauya, sai ta riƙe, domin ba ta da hanyar bambance mai gida da ɓarawo.

Ke nan shuɗiyar fuskar, a karan kanta, ba shaidar lalacewa ba ce. Mai gadi ne ya ga baƙuwar fuska ya ƙi buɗe ƙofa, kuma don haka aka ɗauke shi aiki.

Abubuwan da ke sa shi ƙin buɗewa kuwa mun fi kowa yawansu a nan. Mafi yawan kwamfutocin da ke kasuwanninmu na hannu ne, sun yi shekaru a ofisoshin Turai kafin su iso. A cikinsu akwai ɗan ƙaramin pil mai kama da kwabo da ke riƙe agogo da saitunan BIOS. Idan ya mutu, saitunan na iya komawa yadda suka fito daga masana'anta, wani lokaci har TPM ɗin ya kashe kansa ko tsarin Secure Boot ya sauya. Alamar ba ta da wuyar ganewa: kwanan wata ya koma wata shekara da ta daɗe da wucewa. Haka nan idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta BIOS, ko wani ya sauya jerin inda kwamfutar ke tashi don ya gwada wani abu daga USB, ko an cire diski an sa a wata na'ura. Ko kamfanin Microsoft da kansa ya taɓa jawo wannan: a watan Yulin 2024 ya amince cewa wani sabuntawar tsaro da ya fitar ya jefa wasu kwamfutoci cikin neman lambobin.

Yawancin waɗannan ana iya warware su ba tare da an rasa ko shafi ɗaya ba. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fara da tambayar mai kaya abin da ya faru kafin ta tsaya. Zai zare duk abin da aka soka mata, ya shiga BIOS ya duba agogo, ya duba ko TPM na kunne kuma na'urar na ganinsa, ya mayar da saitin da ya sauya yadda yake a da. Idan aka dace aka mayar da komai daidai, TPM na iya sakin makullin kamar ba a yi komai ba. Amma kusa da waɗannan saituna akwai wani zaɓi na goge TPM ɗungum, kuma shi hannu ya fi saurin kaiwa, don sunansa ya yi kama da magani. Gogewar na shafe makullin da ke ciki har abada. Kafin a danna, ƙofofi biyu ne: ta TPM da ta lambobi 48. Bayan an danna saura ɗaya. Wanda ba shi da lambobin ba shi da ko ɗaya, kuma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa ba ya iya ƙirƙiro wa kowa makullin da ya ɓata. Babu wani gwani a Kano ko Dubai da zai fasa shi.

Ban ce ƙwayar ba ta lalacewa ba. Tana lalacewa, kuma ta taɓa zuwa da aibi tun daga masana'anta. A 2017 masu bincike sun gano rauni a yadda ƙwayoyin kamfanin Infineon na Jamus ke ƙera makullai, abin da ya shafi kwamfutoci masu yawa har da katin ɗan ƙasa na Estoniya. A can gogewa na cikin maganin da aka bayar, amma bayan an sabunta manhajar ƙwayar, an dakatar da BitLocker, an kuma ajiye lambobin a gefe. Idan kuwa TPM ya mutu murus, BIOS ba ya ganinsa ko kaɗan, to sau da yawa sai dai a sauya carte mère, sabon allon kuma bai san tsohon makulli ba. Ko ta ina aka bi, lambobin nan ake komawa.

To ina suke? Nan ne nake ganin laifin bai tsaya kan masu gyara kaɗai ba. Idan an shiga Windows da asusun Microsoft, can ake ajiye lambobin, kuma mutum na iya buɗe asusun daga salularsa ya karanto su. Matsalar ita ce a wurinmu mai shago ne ke saita kwamfutar kafin ya miƙa. Ya buɗe asusu da adireshin imel da ya ƙirƙira nan take, ko ya yi amfani da nasa don sauri, mai saye ya biya ya tafi yana murna. Shekara biyu bayan haka ba wanda ya tuna adireshin balle kalmar sirrinsa. Wasu na'urorin ma sun iso da kullen tsohon ofishinsu, lambobin na can wata ƙasa. Tun daga Windows 11 ta ƙarshen 2024, wadda ake kira 24H2, abin ya ƙara faɗi, domin sabon zubi na kunna kullen da kansa a kan na'urori da yawa, har da nau'in Windows na gida. Wato mai gyaran da ya share maka komai yau ya sake zubawa, mai yiwuwa ya ɗana maka tarkon gobe bai sani ba. Kuma tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma na buƙatar TPM 2.0, masu shiga BIOS suna taɓa wannan saiti sai ƙaruwa suke.

Manya ma sun sha wannan. Ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa na kamfanin CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, gyaran kansa ɗan fayil ɗaya ne za a goge. Abin da ya ja wa kamfanoni da yawa kwanaki shi ne kowace na'ura mai kulle sai an shigar mata da lambobinta da hannu, wasu kuma sun ajiye lambobin ne a kan na'urorin da su ma suka tsaya.

Akwai masu cewa a kashe kullen gaba ɗaya a huta, tunda wahalarsa ta fi amfaninsa ga talaka. Na fahimci hujjar, kuma ga wanda fina-finai da waƙoƙi kawai ke cikin kwamfutarsa ba zan yi musu ba. Amma ga likitan da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya, ko ma'aikacin ƙungiyar agaji mai jerin sunayen ƴan gudun hijira, ko ɗan jarida mai lambobin waɗanda suka ba shi labari a asirce, kwamfuta marar kulle da aka fizge a kan kabu-kabu littafi ce a buɗe: a cire diski a sa a wata, a karanta komai. Ƙasar nan na da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP don kula da ita, saboda haka ga ma'aikatu wannan ba zancen son rai ba ne.

Abin da nake nema bai kai kuɗin takarda ɗaya ba. Mai sayar da kwamfuta ya buɗe asusun da imel da lambar salular mai saye, a gabansa, ya buga ko ya rubuta masa lambobin 48 a bayan rasit, tare da ƴan haruffan shaidar da ke nuna na wace na'ura ne. Ma'aikatu su ajiye nasu a takarda cikin akwatin kulle, ba a cikin kwamfutar da ake jin tsoron ta kulle ba. Mai gyara kuma kada ya sabunta BIOS sai ya dakatar da BitLocker, kada ya goge TPM sai ya ga lambobin da idonsa kuma shaidarsu ta dace da wadda ke kan fuskar. In babu su, ya faɗa wa mai kaya gaskiya cewa wannan dannawa za ta tafi da takardunsa, ya bar shi ya koma gida ya bincika imel ɗinsa, ko ya nemo wanda ya sayar masa. Kwamfutar da ta tsaya a shuɗiyar fuska na iya jira mako guda a kan kanta ba abin da zai same ta.