Kafin mu kira yaro ɗan iska, mu tambaye shi ko ya ci abinci



Tun da muka nuna wa matasanmu fim ɗin Rocks, wasu iyaye ke ta ƙorafi, wai mun kawo fim da zai koya wa 'ya'ya mata rashin kunya. Mun ji, muna kuma girmama su. Amma ba mu yarda ba, kuma ga dalilinmu.

Fim ɗin ya fito a 2019, Sarah Gavron ce ta ba da umarni. Labarin Olushola ne, wadda ƙawayenta ke kira Rocks, yarinya mai tsatson Najeriya a unguwar Hackney ta birnin Landan. Wata rana ta dawo makaranta ta tarar mahaifiyarta ta tafi, ta bar mata 'yar takarda da 'yan kuɗi da ƙaninta Emmanuel. Sai ta ɓoye maganar, don tana tsoron hukuma ta raba su. Kuɗi suka ƙare, wuta ta ɗauke, ta koma kwana gidan ƙawaye, ta yi faɗa da aminiyarta Sumaya, har sata ta yi. Akwai ban dariya, akwai tsiwar 'yan makaranta, amma ƙarshe abin da take gudu shi ya faru: aka raba ta da ƙanin.

Masu suka tsiwar suka gani. Mu kuwa yunwar muka gani. Yarinyar nan ba lalacewa ta sa ta ƙarya ba, rashin babban da za ta amince wa ne.

To mu dawo nan Sabo. Yara nawa ne ke kwana a rumfar kasuwa, uba ya tafi Arewa bai dawo ba, uwa tana fama da ciwo? Yarinya nawa aka cire daga makaranta aka ɗora mata talla? Muna wuce su kullum. Ranar da yaro ya ɗauki wayar wani, ranar muke sanin sunansa, a taru a ce tantiri ne, ya ɓata wa Hausawa suna. Ina muke lokacin da yake kwana da yunwa? A Landan, ko ba komai, akwai ma'aikatan da suka zo neman Rocks. A nan, in ba mu ba, wa zai nema?

Muna alfahari cewa ɗa na kowa ne. To a gani a ƙasa. Hana kallon fim ba zai ciyar da yaro ko ɗaya ba.

Muna roƙon kowane mai gida ya duba layinsu. In akwai yaron da ke riƙe da gida shi kaɗai, a sanar da shugabannin ƙungiya cikin sirri, ba tare da tozarta kowa ba. Masu ƙorafi kuma, mun gayyace ku ku zauna ku kalli fim ɗin har ƙarshe, sannan mu yi magana.

Allah ya shirya mana zuri'a.

Sakataren ƙungiya