An raba keke, an yi tafi, sai kuma me?

Kowace shekara, ran 3 ga Disamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa naƙasassu tun 1992, akan kafa rumfa, manya su hallara da manyan riguna, a raba keken guragu da sandunan dogarawa, a yi tafi, a watse. Kashegari ma'aikaci ya shiga biro ya rubuta rahoto: keke kaza, sanda kaza, jika kaza aka kashe. Shin wa ya taɓa komawa bayan wata shida ya tambayi mai keken ko yana kai kansa kasuwa?

Akwai wani dattijo a unguwarmu da shanyewar ɓarin jiki ta kama. A irin wannan buki aka ba shi keken da ake tuƙawa da hannu biyu, shi kuwa hannu ɗaya ya rage masa. Yau keken na jingine a zaure, kaji na kwana bisa. A takarda kuwa, dattijon na cikin waɗanda aka share wa hawaye.

Cikin aikin likita akwai fanni guda da Faransawa ke kira ergoterapi: koya wa mutum sake cin tuwo da hannunsa, sa rigarsa, kama ruwa ba da taimakon kowa ba, komawa ga sana'arsa. Masu wannan fanni ba kaya suke ƙidayawa ba, mutum suke aunawa. Ma'aunin Barthel, da ya fito a Amurka a 1965, yana duba ayyuka goma, kamar ci, wanka, sa tufafi da shiga bayan gida, ya ba da maki daga 0 zuwa 100. Wanda aka fitar a Kanada a 1991 ya fi kwanta mini a rai: majinyaci da bakinsa zai faɗi abubuwan da suka fi damunsa, har biyar, ya ba kansa maki daga 1 zuwa 10, bayan an yi aiki a sake tambayarsa. Da an yi wa dattijonmu wannan tambaya, da ya ce alwala, ba keke ba.

Na san abin da za a ce: kayan nasara ne, ba su dace da mu ba. Da ɗan gaskiya. Barthel na tambayar hawan bene, tsohuwar ƙauyen Tasawa kuwa ba ta da bene. Nata benen shi ne tsugunno a salga, da daka, da jan guga, da tashi daga tabarma. To, a gyara tambayoyin su yi daidai da gidajenmu. Wane ɗan kasuwa ne ya yar da sikeli don an ƙera shi a ƙetare?

Doka dai ba mu rasa ba. Akwai ta 1993 kan kare naƙasassu, Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙinsu a 2008, an kuma yi wata dokar a 2019. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu naƙasassu fiye da dubu 700. Abin da aka rasa shi ne awo, kuma ba da gangan ba ne kawai wanda bai san biro ba zai ce. Awo yana tona asiri. Lissafin keke kuwa bai taɓa kunyata darekta ba.

Ku alhazan Maraɗi da Damagaram da ke ba da gudummawa a irin waɗannan bukukuwa, ba kwa tura mota Kano ku kasa tambayar ko kaya sun isa. Ku nemi a kawo muku sakamako kafin ku sake sa hannu aljihu. Ku kuma ma'aikata, layi ɗaya muke roƙo a ƙara cikin rahoto: cikin waɗanda aka ba kaya bara, mutum nawa ne yau ke wanka, suke fita, suke neman abincinsu da kansu?