Lissafin Lilo Ba Na Allo Kaɗai Ba Ne

Kowace shekara, in jarrabawar WAEC ta ƙarato, sai mu ji 'yan aji shida suna cewa sain da kosain ba su da wani amfani, a haddace kawai a wuce wurin. Mu dai ba mu yarda ba. Wannan lissafi shi ne lissafin duk abin da ke kai da komowa, kuma garinmu cike yake da irinsa.

Wanda ya taɓa ganin ana jan ruwa a rijiyar Kusugu ya ga guga yana lilo. Igiya mai tsawon mita 1 takan ɗauki kusan sakan 2 ta je ta dawo, mai mita 4 kuwa sakan 4, ko gugan cike yake ko wayam. Shi ya sa lilon ke ƙara sauri yayin da ake jawo gugan sama. Da wannan ƙa'ida Huygens na ƙasar Holan ya ƙera agogo a 1656.

Haka ma kalangu. In makaɗi ya matse igiyoyinsa, sai fata ta ɗame, ta ƙara saurin karkarwa, murya ta hau. A 1822 Fourier na Faransa ya nuna cewa duk karkarwar da ke maimaita kanta ana iya rarraba ta zuwa sain da kosain. Da wannan dabara injiniyoyi ke binciken sauti, da saƙon rediyo, da wutar lantarkinmu mai kai da komowa sau 50 a sakan guda.

To, shawararmu ita ce, kafin malami ya ɗauki alli, ya fitar da yara waje da igiya da dutse da agogo, su ƙirga lilo 20, su gajarta igiyar, su sake ƙirgawa. Wani zai ce manhaja ta yi yawa, lokaci kuma kaɗan ne. Gaskiya ne, amma darasi ɗaya ya isa, ba ya cin ko sisi, kuma gani ya kori ji.

Tun 2019 aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a nan Daura. Yaron da ya guje wa lissafi, ƙofarta tana kusa da gidansu, amma sai dai ya ga wasu suna shiga. Ɗalibai, ku daure. Allah ya sa wa karatunku albarka.